Abin da Na Gani a Bayan Koriyar Riga

Daga gida zuwa Kura

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni da Yaya Rabi. Kun san ni ba na tashi sai Inna ta yayyafa mini ruwa, amma ranar ni na tashi kowa, har zakaran Baba.

Ga dalili. Yaya Rabi tela ce. Kwanaki wata mata ta kawo mata yadi, ta ce tana son irin koriyar rigar nan ta jarumar fim da duk 'yan matan garinmu suka haddace a waya. Yaya ta ɗinka. Matar ta sa ta je suna, aka yi mata dariya wai wuyan ya karkace, ta dawo ta jefar da rigar a tsakar gidanmu, ta ce ɗinkin ƙauye. Tun ranar Yaya ta lulluɓe kekenta da tsohon zane. Baba ya ce ba zai zuba wa keke ido yana barci albasarsa na jin ƙishi ba, ranar Asabar Malam Sule dillali zai ɗauke shi ya ba mu injin ban ruwa. To in keken ya tafi, wa zai ɗinka mini kayan sallah kyauta? Da na ji a rediyo an baje kayan 'yan fim a gidan tarihi a birni, har da koriyar rigar, sai na shafa albasa a ido na yi ta kuka har Yaya ta yarda ta raka ni.

Babur muka hau ta bakin kanal ɗin ban ruwa. Mai babur ɗin ya ce bai taɓa kayar da fasinja ba, muna shan kwana ya kusa dasa mu cikin shinkafar mutane.

Kura zuwa birni

A Kura muka shiga bas. Kwandasta ya ce saura mutum ɗaya, ya yi ta faɗin haka har na fara tsufa. An cusa mini kwandon tumatir a ƙafa, an ɗora mini jaririn wata a cinya. A Karfi na sayi dafaffiyar masara ta taga, Yaya ta ce ba ta ci. Bayan gadar Tamburawa aka tsayar da mu a shinge, jami'in ya leƙo ya tambayi na waye jaririn. Na ce nawa ne, mijina na cikin kwando. Motar ta kwashe da dariya, Yaya ta mintsine ni, amma na ga bakinta ya ɗan motsa.

Daga Unguwa Uku adaidaita ta kai mu ƙofar gidan tarihin da hantsi.

Gidan tarihi

Jama'a, kaya! Ga rawanin da ya kai buhun shinkafa, ga rigar mugun attajirin nan da Inna ke tsine wa kullum, ga takalman mai barkwanci ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Duk an sanya wa mutum-mutumi marasa kai, an kewaye da igiya, an rubuta kada a taɓa.

Koriyar rigar na can ƙarshe, fitila na haska ta. Yaya ta tsaya kamar an kafe ta. A hankali ta ce, "Asabe, mu tafi. Wanda ya ɗinka wannan ba irin hannunmu ne da shi ba."

Nan silifas ɗina ya zame, shi kaɗai, ba ruwana, ya faɗa bayan igiya. Na sunkuya na bi shi. Ina ɗagowa sai ga ni a bayan rigar. Ashe bayanta ba a gama ba! Fil ne reras daga wuya har ƙugu, shafin cikinta wani yadin ne daban, kalmasar kuma tana tafiya kamar hanyar garinmu da damina. Na tuntsire da dariya, na ƙwala wa Yaya kira har wani yaro ya yar da awararsa.

Wata dattijuwa mai tabarau, cikin masu kula da ɗakin, ta taso. Na ce a raina yau kwanana a birni. Ta jawo ni daga bayan igiyar da kunne, ta tambayi abin dariya. Na zayyane mata komai, har da injin Malam Sule, Yaya tana ta hararata. Sai dattijuwar ta ce ita ta ɗinka rigar, shekarun baya, ana tsaye a kanta da kyamara. Jarumar ba ta taɓa juya baya a fim ɗin ba, ashe dalilin ke nan.

Ta kama gefen rigar jikina ta juya, yadda teloli ke yi. Ta tambayi wa ya ɗinka, na nuna Yaya.

"Kalmasarki ta fi tawa, 'yata. Amma wuyan nan a karkace yake, matar ba ta yi ƙarya ba."

Na zaci Yaya za ta fashe da kuka. Sai na ji ta ce, "Mama, ina nake kuskurewa?"

Matar ta karɓi ɗankwalina, ta ninka shi biyu a kan benci, ta nuna mata yadda ake daidaita kafaɗu kafin almakashi ya taɓa wuya. Yaya ta ninka, ta warware, ta sake ninkawa. Ni ina tsaye ba ɗankwali, masu kallo na tsammanin ina cikin kayan da aka baje.

Komawa

Mun ci gurasa a tasha, Yaya ta cinye tata ta kai hannu kan tawa. Duk hanya bakin mayafinta take ninkawa a cinya.

Ana kiran la'asar muka shiga gida. Ko ruwa ba ta sha ba ta yaye zanen kan keke, ta ce in cire rigata. Ina kallo ta farke wuyan. Baba ya dawo daga gona ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraron ƙarar keke. Ya daɗe, sannan ya ce in je in gaya wa Malam Sule kada ya wahalar da kansa ranar Asabar, albasa ta ci gaba da bin layin ruwa.

Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da Mama mai tabarau, duk da kunnena bai huce ba. In kun gan ni a makaranta da wuya a miƙe, ku gaishe da Yaya Rabi.