Gambar da Hannuna Ya Dasa a Zane

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni ne babba, don haka na ajiye maganar karatu na ɗauki fartanya. Zane kaɗai ya rage mini. Tsohon malaminmu na firamare, wanda ya yi ritaya a Tsanyawa, ya ba ni wani hoto da ya yanko daga kalanda, ya ce in kwaikwaye shi da fenti. In ya yi kyau zai kai wa abokinsa mai koyar da zane a Kano, ko a samo mini gurbi.

Hoton fili ne fetal. Hatsi ruwan ɗorawa ya kwanta wa iska, sama tana murɗawa, an lafta fenti ba tsoro. Ba gida, ba darni, ba kowa. Mu kuwa a garinmu in ka miƙe ƙafa sai ta faɗa gonar maƙwabci. Kowace gona da layin gambarta, kowace bishiya da mai ita.

Kullum bayan la'asar nakan zauna a zaure kusa da tabarmar Baba in yi ta fama. Na farko da Malam ya duba sai ya ce, "Kai, wa ya sa ka rabon gado?" Sai a lokacin na lura na ja layukan gamba har huɗu a tsakiyar filin. Wallahi ban san na yi ba. A na biyu ma hannuna ya saci jiki ya dasa shingen lalle a gefe. Haushi ya sa na yi jifa da buroshi. Idona bai taɓa ganin ƙasar da ba ta da mai ita ba.

Na uku ma ya fito da gambarsa. Baba ya ce in matso masa da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsan hannunsa mai lafiya a kan wata siririyar gona.

"Wannan ai tamu ce ta bayan rijiya," ya ce. "Ashe ka san ta haka. Allah ya yi maka albarka, a hannunka na bar ta."

Na ce amin. Washegari Malam ya aiko a karɓi zanen, na ce a gaya masa bai bushe ba. Har yau yana rataye a zaure, daidai inda Baba yake kwanciya a da.