Babur ɗin Ɗan Bawku a Zaurenmu

Tseren babur ɗin da samarin zango ke yi bayan an haƙe doya, a garuruwa uku ake yin sa. A fara a Yendi, a je Bawku, a rufe a nan Salaga. A shekarar da nake ba da labari ƙanena ne ya ci na Yendi, wani yaro ɗan Bawku ya ci na garinsu, don haka duk wanda ya riga isa layi a Salaga shi zai ɗauki kofi. Ɗan Salaga kuwa bai taɓa ɗaukar kofin nan ba tun da aka fara.

Garin ya haukace, ban san wata kalma da ta fi wannan ba. Koriyar riga ƙanena ke sawa mai lamba bakwai a baya, sai ga koren yadi ya ƙare a kasuwa. Ni shinkafa da wake nake sayarwa a ƙofar gidanmu, kuma a makon nan ba wanda ya ci abincina da natsuwa. Mutum zai cika baki da shinkafa yana zana hanyar tseren da cokali a kan bencina. Tsofaffin da ko keke ba su iya hawa ba sun san kwanar da yaronmu zai wuce ɗan Bawku, waccan ta wajen bishiyoyin mangwaro. Na ce da wani direba ya bar mini benci ya je ya hau babur ɗin da kansa tunda ya fi kowa sani.

Wanda ya fi kowa zafi shi ne mahaucin bakin kasuwa, ƙato mai wuya kamar turmi. Ya rubuta lamba bakwai a jikin teburinsa, ya sayi farin rago ya shafa wa ƙahonsa koren fenti, ya ce ranar da aka ci kofi kowa zai ci nama kyauta. Yana son ƙanena so na gaskiya, wannan ba zan hana shi ba. Amma yana da tabo sabo a goshi. Ranar tseren Bawku, da motar magoya bayanmu za ta bar garin, wasu suka yi mata ruwan duwatsu, gilashi ya tarwatse, shi ya dawo da ɗinki. Tun daga ranar, in aka ambaci Bawku a gabansa sai ya sara wuƙa a kan katako.

Ana gobe tseren, da hantsi, motar albasa ta tsaya a ƙofar gidanmu. Aka sauke jan babur daga saman buhuna, wani siririn yaro ya diro, ya durƙusa ya gai da mahaifinmu. Shi ne ɗan Bawkun. Ludayi ya kusa faɗuwa daga hannuna.

Gidanmu gidan saukar baƙi ne tun zamanin fataken goro. Kakan yaron nan a gidanmu yake sauka, ubansa mai albasa har yau nan yake kwana in ya zo, shi ma bai san wani gida a Salaga ba. Kuma muna da ƙa'ida da muka tashi muka tarar. Baƙo ba ya shigar da kayansa da hannunsa. Ɗan gida ne ke karɓa a bakin ƙofa ya kai ciki, ɗan gida ne ke fitarwa ranar tafiya, kuma abin da ya sami kayan a tsakani, gidan ya samu. Da goro ake yi wa haka, sannan albasa da hatsi. Ba wanda ya taɓa tunanin za a yi wa babur.

Baba ya dubi ƙanena, wanda ke tsaye da sifana a hannu, ya ce, "Karɓi kayan baƙo."

"Baba, ka san ko wane ne wannan?"

"Na san kakansa. Karɓi kayan."

Ƙanena ya ajiye sifana, ya kama kan jan babur ɗin, ya tura shi cikin zaure a gaban masu cin abincina duka. Fuskarsa a murtuke take, amma a hankali ya haura da shi dokin ƙofa don kada ƙasan injin ya gogu.

Da farko murna mutane suka yi. Kafin azahar mahaucin ya zo ya zauna a bencina yana dariya, ya sa aka kira masa ƙanena.

"Massa, Allah ya kawo mana moto nan har cikin gida," in ji shi, yana nufin babur ɗin; Massa kuwa, wato maigida, haka yake kiran ƙanena. "Yashi kaɗan kawai, cikin tanki. Ba wanda zai sani."

Ƙanena ya ce, "Da na ci shi a Yendi ba da yashi na ci shi ba."

"To ba mu wuri, mu za mu yi. Kai ka je masallaci."

"Kayan baƙon Baba ne. Ni na shigar da shi."

Dariyar mahaucin ta ɗauke. Ya taɓa tabon goshinsa ya ce, "Don kai aka fasa min kai. Yanzu kana gadin moto nasu?" Ya tashi bai taɓa abincin da na zuba masa ba.

Bayan la'asar suka dawo. Na fara jin hayaniyar tun daga wajen tasha, na ɗauka masu ganga ne ke gwaji don gobe. Da suka karyo kwana sai na ga duk koriyar riga ce, rigar ƙanena, lambarsa a bayan kowa. Wasu da sanduna, wani da sarƙar babur, wani da galan ɗin fetur. Yaran da na zuba wa abinci da safe ne. Mahaucin na gaba da bututun ƙarfe.

Baba ya fito ya tsaya a ƙofar zaure da carbinsa. Ya fara cewa, "'Ya'yana, ku saurara," ba su bari ya ƙarasa ba. Na baya suka turo na gaba, tsohon ya faɗi a kan dokin ƙofa, hularsa ta gangara cikin kwata. Ganin hular nan a kwata ne ya ɗauke mini hankali. Na sungumi taɓarya na maka wa mai galan a kafaɗa, fetur ya malale a ƙasa, wani ya kife mini tukunyar miya, wani ya finciko ɗankwalina. Ina zagi ina duka, ban san wa nake samu ba. Dutse ya fasa tagar ɗakin baƙi, inda matan gida suka kulle yaron suka jingina buhunan masara a bayan ƙofa.

"Ku fito da shi! Ku fito da moto nan!"

Suka cika zauren. Ƙanena na tsaye a gaban jan babur ɗin, ba komai a hannunsa. Wani ya zabga masa sarƙa a baya, rigarsa ta yage, bai matsa ba. Mahaucin ya ce masa, "Matsa, Massa, ba da kai muke ba." Ya ɗaga bututun da hannu biyu ya auna tankin. Na tabbata ya ɗauka ƙanena zai kauce, don kowa zai kauce. Shi kuwa sai ya ɗora hannunsa na dama a kan tankin.

Na ji ƙarar daga bakin ƙofa, kamar an taka busasshen kara. Ƙanena bai yi ihu ba, ya dai zame ya zauna a ƙasa ya rungume hannun, wuyan hannun ya lanƙwashe ta inda ba ya lanƙwasa. Duk wanda ke wurin ya san da wane hannu ake murɗa wutar babur. Bututun ya faɗi daga hannun mahaucin, ya durƙusa yana kiran sunan ƙanena yana kuka da majina. Na tofa masa yawu a tsakiyar kai. Sauran suka sulale ɗaya bayan ɗaya, wasu na cire koriyar rigar tun kafin su kai titi.

Mai ɗori ya zo kafin magariba. Maza uku suka danne ƙanena aka ja ƙashin, a nan ne ya yi ihun da bai yi a zaure ba. Ɗan Bawkun ya fito daga ɗaki, ya durƙusa gaban Baba ya ce ba zai hau gobe ba, zai bi motar albasa ya koma gida.

Ƙanena ya ɗago daga tabarma, gumi na zuba, ya ce, "In ba ka hau ba, a kan me aka karya ni? Wallahi sai ka hau."

Da safe Baba ya ce wani cikin 'yan'uwa ya fitar da kayan baƙo. Ƙanena ya ce shi ya shigar, shi zai fitar. Ya kama kan babur ɗin da hagu, ya tokare shi da ƙugu, hannun dama na rataye a wuya cikin karare da tsumma. Bai tsaya a ƙofa ba. Haka ya tura shi ta tsakiyar kasuwa har filin tsere, baƙon na gefensa, ni ina bayansu da taɓaryata. Mutane suka riƙa buɗe hanya suna kallon ƙasa. Ragon mai koren ƙaho na ɗaure a gindin tebur yana tuƙa, mai shi bai fito ba.

Ɗan Bawku ya ci, da tazara mai yawa. Ban yi murna ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi ba. Na tsaya ina kallon kwanar mangwaron da aka yi mako ana zana mini a benci, jan babur ya shige ta shi kaɗai, na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe.

Hannun ya ɗoru a karkace. Yana riƙe cokali, yana riƙe sifana, amma ba ya murɗa wutar babur. Mahaucin na aiko da cinyar rago duk Sallah, ƙanena na karɓa ya ci, ni ko romon ba na taɓawa. In zai je wani wuri mai nisa yanzu, ni nake goya shi a ɗan babur ɗina na zuwa cefane. Duk lokacin da muka doshi kwanar mangwaro sai in ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Yaya, rage wuta. Rage, rage. Kwanta hagu. To yanzu buɗe mata duka."

Ina buɗewa iya abin da ɗan babur ɗin zai iya, karkataccen hannun nan na kan kafaɗata yana matsa ni.