Baba Maiwada, Wanda Ba Ya Zuba Gida Guda a Jirgi Guda

"Alhaji, ka yi haƙuri. Ba ni zuba gida guda cikin jirgi guda."

Da kunnena na ji Baba Maiwada ya faɗa wa kawuna Alhaji Ma'aruf haka, a bakin ruwan dam kusa da Maradun, kwana uku bayan ƙaramar sallar bara. Kawu mutum ne da ba a saba ce masa a'a ba. Ballantana injin da ke maƙale a gindin jirgin Maiwada nasa ne, shi ya ba shi yana aiki da shi tsawon shekara shida.

Maiwada mai fito ne, shekara talatin da huɗu yana ƙetarar da mutane. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya gangara bakin ruwa, ya kwashe ruwan da ya kwana a jirgi da ƙwarya, ya bi katako da tafin hannu yana lalube. Inda ya ji tsaga, ya cusa tsumma ya shafe da kwalta. Sannan masu nono su zo, da manoman rani da buhunan albasarsu. Matan Damri masu sarin kifi sun shaida mini bai taɓa tashi ya bar mai ciki a gaɓa ba, ko da jirgi ya cika sai ya roƙi wani ƙato ya sauka.

Amma yana da doka ɗaya da ta sa wasu ke masa kallon mai taurin kai. Miji da mata ba sa shiga sawu ɗaya. Uwa mai 'ya'ya huɗu, biyu su bi ta, biyu su jira. Yana saurayi ya ga jirgi ya kife da 'yan biki goma sha ɗaya, duk 'yan gida ɗaya. Abin da ya tsaya masa a rai, in ji shi, mutane sun taru za su yi ta'aziyya, aka rasa wanda za a yi wa.

Abin da ya kai mu wurinsa kuwa, kakarmu ce, Inna Maimunatu. Ta haura tamanin. Ƙauyen da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwa tun kafin a haifi uwata, tudun bayan gari kaɗai ya rage, ya zama tsibiri da tsamiya guda a kansa. Ta ce tana son ta taka shi kafin ta mutu, kuma da zuri'arta duka. Ni aka ɗora wa shirin. Wata uku ina tattaro mutane daga Talata Mafara da Bakura da Dakko, ina tanadin maganin hawan jinin Inna, da kujerar da za ta zauna, da dambun da zai ishi mutum ashirin da uku, har da jaririyar 'yar'uwata Farida mai wata huɗu. Kawu ya ɗauko mai hoto, yana son a ɗauke mu duka a jirgi ɗaya, Inna a tsakiya.

"Maiwada, jirgin ga talatin yake ɗauka," in ji Kawu. "Mu ashirin da uku ne."

"Na ƙirga, Alhaji. Ashirin da uku, kakarsu guda."

"Da injina kake yi min gardama?"

Maiwada bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa, ya kwance injin, ya rungumo shi ya ajiye a kan yashi gaban Kawu. "Allah Ya saka da alheri, ya yi min rana. Tsohuwa kam yau sai ta ga garinsu, in Allah Ya so."

Ba zan ɓoye ba, ni ma raina ya ɓaci, don na rubuta lokacin komai a takarda. Inna ce ta raba gardamar. Ta miƙa wa Maiwada hannu ta ce, "Kama ni, ɗan nan. Ma'aruf da sai an bi shi da gudu kafin a yi mai wanka, yau shi ne sarkin ruwa?"

Sawu uku zuwa, sawu uku dawowa, da gorar tura jirgi da filafilin tuƙi, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya. Da suka isa tsibirin taɓo ya hana Inna sauka, sai ya goya ta har gindin tsamiya. Ta dafa itacen. Can ta karɓi jaririyar Farida, ta juya fuskarta wajen ruwa, ta nuna da yatsa: "Can ɗakin uwata yake." Kawu da ya zo a sawun ƙarshe ya juya baya yana share ido da hularsa.

Ruwa bai ko motsa ba ranar. Har yau akwai masu ce mini, "To, ai ga shi ba abin da ya faru." Ina amsa musu cewa shekara talatin da huɗu ke nan ba abin da ya faru a jirginsa, kuma wannan shi ne aikin nasa.

Baba Maiwada, kai ne ka ƙidaya mu da zuciya lokacin da muke ƙidaya kanmu da baki. Kai ne ka goyi tsohuwar da ba uwarka ba. Inna ta rasu da damina, kuma har satinta na ƙarshe tana sa ka a addu'a da sunanka. Mun gode, mai gora. Direbobi da masu jinya da duk wanda ake damƙa wa ran mutane, ku je bakin ruwan nan ku ga yadda ake cewa a'a cikin ladabi.

Ni jikar gidan ce, kuma zan faɗi abin da gidanmu ba ya son a faɗa. Kawu bai mayar masa da injin ba. Fasinjoji sun koma jiragen da ke gudu. Mutumin da ke yin sawu goma sha biyu a rana yanzu uku yake yi, kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sai an gasa ta da ruwan zafi. Makon jiya na same shi ya tsayar da wani magidanci a gaɓa, matarsa na cikin jirgi.