Gangaren Masallacinmu

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, a ita aka rushe tsohon masallacin Juma'ar unguwarmu, can wajen Ƙofar 'Yandaka, aka tayar da sabo. Tsohon daidai yake da ƙasa, ko akuya tana iya shiga, kuma ta sha shiga. Tun Baba yana saurayi mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa yake sallah a sahun gaba, dama da liman. Da aka sallamo shi daga asibiti bisa keken guragu, abu ɗaya ya roƙa, a mai da shi wurinsa.

Sabon masallacin kuwa an ɗaga shi sama, sai ka hau matakala kamar za ka gaida gwamna. Amma shugaban kwamitin ginin, wani Alhaji abokin Baba da ya yi ritaya ya koma GRA, ya ga gangaren masu keke a Makka, ya rantse sai an yi mana irinsa. Aka yi. Aka shafe shi da tayil mai sheƙi, sannan aka jera famfunan alwala daidai samansa. Wanda ya tsara wannan, Allah ya saka mashi, ban dai ce da me ba.

Juma'ar farko na turo Baba, muka iske gangaren ya cika maƙil da takalma. Jama'a sun ɗauka don su aka yi shi, ga shi a karkace, kowa na hango nasa. Na kwashe na buɗe hanya, ana harara ta kamar ɓarawon silifa. Mun kai rabi ke nan ruwan alwala ya kwashi tayoyin, muka sulalo da baya, ni da shi, har ƙasa.

Samari suka taso za su ɗauke shi da keken ɗungurungum, kowa na kwaɗayin lada. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ni ba buhun gero ba ne," in ji shi. "Ranar da za ku ɗauke ni tana nan tafe. Ku bari ta zo."

Na je har gida na sami Alhaji. Gaskiya ya ji kunya, ya sa aka ɓamɓare tayil ɗin aka yi daɓen siminti. Sai 'yan acaɓa suka gano hanya ta yi kyau, suka riƙa haurawa da baburansu har baranda, su aje a inuwa. Kwamiti ya zauna, aka sha lemo, aka fito da dabara: turakun ƙarfe a tsakiyar gangaren. Babur ba ya wucewa. Keke ma haka.

"Alhaji, to Baba fa?" na tambaye shi.

"Haba ɗana, ai Malam na gida ne. In ya zo sai a ɗaga shi."

Juma'ar da ta biyo Baba ya ce mu je haka nan, ya bi jam'i daga waje. Inuwar da ta rage ita ce ta gindin katanga, inda masu bara ke jeruwa. Nan na tsai da keken, kusa da wani makaho.

Da aka sallame, sai ga Alhaji ya sauko matakala, waya a kunne, yana bin layi yana raba sadaka. Ya zo kan Baba, ya saka mashi takardar kuɗi a cinya, idonsa na kan na gaba.

"A sa mu a addu'a," ya ce, ya wuce.

Raina ya ɓaci. Na yunƙura zan bi shi, Baba ya riƙe mani riga. Ya daɗe yana kallon abin da ke cinyarsa, sannan ya laluba hannun makahon ya damƙa mashi.

"Mai da ni gida," ya ce.

Turakun suna nan har yau, bara ma aka yi masu koren fenti. Baba ya rayu bayan nan, da hankalinsa da komai, amma bai ƙara tambaya ta ko yau Juma'a ce ba.