Inda Kaka Dije Take Tsayawa

Ina da shekara bakwai mahaifiyarmu ta rasu, aka kwashe mu ni da Yaya Rabi aka kai mu gidan kakarmu Dije a Madarunfa, can kusa da tafki. In an gama girbi sanyi ya fara shigowa, ana idar da isha'i Kaka za ta tara karan gero a tsakar gida ta hura wuta, ta binne gyaɗa cikin toka. Yaran gidan duk mu kewaye ta, ƙaurin bandar kifi yana tsallako katanga daga gidan maƙwabta. Ni kuwa wurina daban ne, jikin gwiwarta.

"Matso nan, maigidana," take cewa. "Tunda ba ka kawo mini cehwane ba, ka kawo kunne."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da take yawan maimaitawa a wannan shekarar. Wani ɗan masunci ne uwarsa ta mutu. Ran nan ya jefa koma, sai ya jawo wani tsohon gora, irin wanda masunta ke hawa su ratsa ruwa. Goran nan, in ka kira sunan mutum a bakinsa, da muryar mutumin zai amsa maka. Yaro ya kira uwarsa, ta amsa, har ta tambaye shi ko ya ci abinci. Daga ranar ya bar su, ya bar wasa, kullum yana bakin ruwa yana hira da gora. Sai wata tsohuwar kada ta ɗago kai ta ce, "Yaro, taho in hwaɗa maka abin da ke cikin goran ga."

Abin da kada ta faɗa, ban taɓa ji ba. Kullum nan barci yake sace ni, in farka da safe a kan tabarma ina jin haushin kaina. Da na girma kuma girman kai ya hana ni tambaya, ga ni ɗan lakwal, ɗan boko mai karanta Faransanci, ina ni ina tatsuniya. Kaka ta rasu ina karatu a Maraɗi. Abin da ya rage mini kaset ne guda, wanda kawunmu Sale ya ɗauka da rediyon da ya zo da ita daga cin rani. Shi ma daidai maganar kada muryarta take ɗaukewa, sai shuuu. Na ɗauka kaset ɗin ne ya lalace daga nan.

Bara kamfanin da nake wa aiki a Yamai ya shirya gasar da suke kira hakaton. Aka raba mu ƙungiya-ƙungiya, aka ba mu kwana biyu, kowa ya gina wani abu da ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar nan da ke rubutu da magana kamar mutum. Wasu suka kama amsa tambayoyin masu saye, wasu farashin hatsi. Ni da abokiyar aikina Ramatu muka ce za mu yi mai ba da tatsuniya da Hausa. Ban ɓoye wa kaina ba, ba kyautar gasa ta kai ni ba. So nake in ji abin da kada ta faɗa.

Na ba Ramatu muryar kaset ɗin da na daɗe da juyewa a waya. Ta gyara ta, ta yanke shuuu ɗin ƙarshe ta yar, muka ɗora wa na'ura don ta koyi muryar, ta ƙarasa labarin. Da hantsin rana ta biyu ta miƙo mini abin sawa a kunne ta ce, "Laminu, zauna tukuna."

Kaka ce. Wallahi Kaka ce, har da ɗan tarin da take yi kafin ta canza murya. Ta wuce inda take tsayawa shekara talatin, kada ta buɗe baki ta ce wa yaro iska ce kawai a cikin goran, ya mayar da shi ruwa ya koma ga masu rai. Tsigar jikina ta tashi. Ina zaune cikin sanyin ofis, mutane na ta danne-danne, ni kuwa ina jin ƙaurin toka. Ramatu ta sake dannawa, kada ta faɗi wani abu daban, shi ma daidai. Ta sake, wani kuma. Na yi tasbihi, don ban taɓa ganin abin mamaki irin wannan ba, kuma na tsorata.

"Zaɓi guda," in ji Ramatu. "Mu ce wa alƙalai ga tatsuniyar kakarka cikakkiya."

Na fita baranda na kira Yaya Rabi, wadda ke aure a Gabi. Na ce ta gaya mini wanne ne na gaskiya, na fara jera mata. Ta katse ni da dariya.

"Kai Laminu, har yanzu ba ka gane ba? Mu ma ba mu taɓa jin ƙarshenta ba. Tun da Inna ta rasu ba ka iya kwana, sai kuka. Don kai anka yi tatsuniyar ga. Da ta ga idonka ya ruhe sai ta tsaya, mu yi ta magiya, ta ce mu tashi mu ba ta wuri."

Na koma ciki. Na roƙi Ramatu ta dawo da wutsiyar da muka yar, ta sa na'urar ta tace hayaniyar. Minti biyu aka yi. A ƙarƙashin shuuu ɗin nan da na yi shekaru ina kashewa, sai ga ƙarar wuta, sai raɗa can ƙasa-ƙasa:

"Kashe abin ga, Sale. Kwana ya ɗauke maigidana."

Ramatu ta juya baya ta bar ni na yi kukana.

Da yamma muka tsaya gaban alƙalai. Na sa musu kaset ɗin har zuwa raɗar, sannan na ce abin da zai biyo baya na na'ura ne, kuma da muryar na'ura za su ji shi, don ba zan sa wa kakata maganar da ba ta faɗa ba. Wani daga cikinsu ya ce mun zubar da abin da ya fi burgewa a aikinmu. Gaskiyarsa ne, kuma ba mu ci gasar ba.

Har gobe ina aiki da na'urar nan, kuma har gobe tana ba ni mamaki. Ita ta ba ni ƙarshe uku cikin ƙiftawar ido, ita kuma ta tono mini raɗar da kunnena ya kasa ji. Sai dai na daɗe ina tunanin tsohuwar nan da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta ƙaga yaro da gora da kada don maraya guda, tana magana tana leƙen fuskata a hasken wuta. Shekara talatin ina ganin barci ya cuce ni ya hana ni jin ƙarshen labari. Ashe duk daren da na yi barci, Kaka ta kai inda za ta.