Motar da Na Zaɓar wa Yaya

Ban taɓa mallakar mota ba. Babur ne da ni, shi nake hawa daga Sabon Gari zuwa sakandaren da nake koyarwa. Amma a gidanmu in maganar mota ta tashi ni ake nema, domin tun ina ɗalibi nake bibiyar labarin motoci, da waya ta zo kuma na koma kallon masu gwada su a kan titunan da ko rami ɗaya babu. Shi ya sa da Allah ya buɗa wa Yaya a cinikin shanu a Kara, ya ce zai yi mota ta kece raini, ni ya ɗauka muka tafi Kano.

A wurin dillalin, guda biyu muka tsaya a kansu. Duk 'yan Kwatano ne, duk ƙofa huɗu, duk injinsu ya fi ƙarfin hanyoyinmu. Ta farko ruwan toka ce. In ka rufe ƙofarta sai hayaniyar titi ta ɗauke, tana zabga gudu ba ka sani ba sai ka dubi maleji. Ta biyun baƙa ce, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, tayoyinta masu faɗi, ƙafafunta da tauri. Da dillalin ya taka totur, salansarta ta yi wani gurnani da na ji shi har cikin ƙirjina. Tun a nan na gama zaɓe.

Mako guda muka yi muna musu a zaure bayan La'asar. Yaya ya fi karkata ga ruwan tokar. Ya ce shi mutum ne mai doguwar tafiya zuwa kasuwanni, abin da yake so ya isa bai gaji ba, in an kira shi a waya ya ji abin da ake faɗa. Matarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta aiko da nata ra'ayin daga cikin gida, ta ce a tuna akwai tsofaffi da yara. Ni kuwa na zage ina kawo hujjoji. Na ce motar da ke ɓoye wa direba titi yaudararsa take yi, direban gaske so yake ya ji kwalta a tafin hannunsa ta cikin sitiyari, ya ji giya tana shiga, ya karya kwana motar ba ta langaɓe ba. Duk haddar waya ce. Ko sau ɗaya ban taɓa karya kwana da irin wannan mota ba.

Da na ga hujja ba ta ci ba, sai na taɓa inda na san yana masa ƙaiƙayi. Na ce, "Yaya, waccan ai ta 'yan fansho ce. In ka shiga Kara da ita wa zai ɗaga kai?"

Washegari ya tafi shi kaɗai ya dawo da baƙar.

Watannin farko na ji daɗina. Yakan ba ni ita in haye gada in miƙe hanyar Kano, in taka ta son raina. A unguwa kuwa tun daga kan kwana ake gane Yaya ya dawo. Mun daina zuwa gonarmu ta ƙauyen Indabo da ita, saboda cikinta na gugar ƙasa, amma wannan bai dame mu ba.

Sai ciwon bayan Baba ya tsananta. Mahaifinmu manomi ne, ya bar Indabo ya dawo wajenmu da ƙarfinsa ya ragu. Likita a Kano ya ce laka ce ta danne, kuma sai an riƙa kai shi gashin ƙashi duk mako, in ba haka ba ƙafafun za su iya tafiya. Ni na zama direba, tunda Yaya kullum yana kasuwa.

Shigar da shi motar ma aiki ne, don kujerar ta yi ƙasa, sai mun naɗe shi kamar tabarma. Da muka hau hanya, duk abin da na yi ta yabo a zaure ya zama azaba. Kowane ɗan rami, kowane faci a kwalta, kowane tudun rage gudu, motar ba ta rage komai, kai tsaye take miƙa shi ga bayan Baba. Ina hango shi ta madubi ya riƙe mariƙin ƙofa, ya rufe ido, leɓensa na motsi. Na rage gudu har manyan motoci suna mini oda, duk da haka bai tsira ba. Na tambaye shi ko da damuwa, ya ce babu, Allah ya yi wa mai motar albarka.

Bayan zuwa na uku Umma ta kira ni ɗakinta. Ta ce duk ranar da muka dawo daga Kano, Baba ba ya iya ruku'u sai bayan kwana biyu, kuma ya hana ta faɗa, wai kada a ɓata wa yaro rai a kan abin da ya samu da guminsa.

Na je na samu shugaban makarantarmu, wanda ke da wata tsohuwar mota mai laushi kamar katifa, ya ba ni aro. Ranar Baba har barci ya yi a hanya. Amma kafin mu dawo labari ya kai Kara. Yaya ya tare ni a ƙofar gida, ransa a ɓace. Ya ce na tozarta shi, ana cewa yana da mota a ajiye an je ana roƙon ta wani don a kai ubansa asibiti. Na ce to ya canza ta, ruwan tokar ko irinta ba ta ƙare a kasuwa ba.

Ya ce, "Malam, ba kai ka ce ta 'yan fansho ce ba? Yanzu da kowa ya san ni da wannan, sai in mayar a ce karyewa na yi?"

Muka ɗaga murya, abin da ba mu taɓa yi ba. Baba yana kwance a ɗaki, ya ji komai. Da mako ya zagayo ya ce ya samu sauƙi, ba zai koma ba, man zafi ya ishe shi. Na lallashe shi, Umma ta lallashe shi, matar Yaya ta zauna ta yi masa bayanin abin da zai biyo baya. Ya ce shi dai ba zai zama sanadin rabuwar 'ya'yansa ba. Yaya ya zo daga baya ya ce a ɗauki shatar duk motar da ake so, amma Baba ya riga ya rantse.

Kafin damina ta fita ya daina takawa. Shekara guda da 'yan watanni muna ɗaga shi muna kwantarwa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce mota ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, kuma likitan ma bai yi alkawarin gashin zai warkar da shi ba. Sai dai ban taɓa iya cire wa raina cewa da an ci gaba da zuwa, wataƙila da ƙafarsa zai riƙa zuwa masallaci har ƙarshe.

Ba a yi wata huɗu da rasuwar ba Yaya ya sayar da baƙar. Ba wanda ya roƙe shi. Ƙugunsa ne ya fara ciwo daga zirga-zirgar kasuwanni, ya je ya sayo mai laushi, bai nemi shawarata ba. Mutanen Kara suka yi masa murna, ba wanda ya ce ya karye.

Muna gaisawa da shi, muna zama tare in an yi suna ko rasuwa, ya kuma riƙe Umma yadda ya kamata. Maganar Baba da asibiti dai ba mu taɓa tayar da ita ba, shi bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Abokan aikina har yanzu sukan miƙo mini waya a ofis su ce in raba musu gardama a kan wasu motoci biyu. Nakan ce su tambayi makaniki, in ci gaba da makin takarduna.