Tsoffin Tawul na Anti Nas

Yaran ƙwallon kwando na makarantarmu suna da tsayi da zafin nama. Haƙuri ne ba su da shi. Daga aji sai fili, jiki bai ɗumama ba, su hau gasar taɓa yatsun ƙafa da fizga, har wani ya dafe bayan cinya.

Kullum da la'asar Anti Nas, ma'aikaciyar jinyarmu, takan rufe ɗakin magani ta taho da tsoffin tawul a kafaɗa. Ba wanda ya sa ta. Gajiya ta yi da ɗaure cinyoyi. Sai sun yi sassarfa sun fara gumi take kwantar da su rigingine, kowa ya maƙala tawul a tafin ƙafa, ya ɗaga ƙafar a miƙe, ya ja a hankali.

"Inda kuka ji ja, ku tsaya ku yi numfashi. In kun ji zafi, kun zarce."

Wanda ya fi ba ta wahala shi ne dogon da yara ke kira Falwaya.

"Anti, ƙwallo muka zo, ba kwanciyar asibiti ba."

"Kwanta, sarkin baki. Duk tsawon nan, sunkuyawa ta gagare ka."

Ana gab da wasan da za a zaɓi masu shiga ƙungiyar manya, ya zille wa tawul, ya yi tsalle, ya sauko yana ɗingishi. Ta hana shi fili har ciwon ya lafa, sannan ta fara lallaɓa tsokar kullum, yana ƙunƙuni tana dariya.

Ran wasan, ya bi wata ƙwallo ya faɗi ƙafafu a ware. Muna kallonta a bakin fili, ta murɗe tawul a hannu kamar mai matse wanki. Sai ga shi ya miƙe ya ruga. Ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna daɓas a benci. Aka zaɓe shi.

Anti Nas, ke ce mai jinya tun kafin ciwo. Yau da kika ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai da iyaye, mu yi koyi da haƙurinta.

Tawul ɗin yanzu suna hannun Falwaya, shi ke kwantar da ƙananan. Ya gane cewa tsoka ba ta miƙuwa da fizga, sai da ɗumi da haƙuri.